Yadda ake saita amfilifaya don kada wufar mota ta ƙone

Duk wanda ya daɗe yana haɗa sauti a mota ya gaji da jin magana ɗaya: wai idan amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) ta yi wa wufa (babbar lasifikar da ke fitar da bes) ƙanƙanta, wufar za ta ƙone saboda ƙarancin wuta. Ni ma na riƙe wannan maganar a shekaruna na farko, har ranar da na tambayi kaina, in haka ne, me ya hana wufa mutuwa duk lokacin da aka rage murya? Rage murya ai rage wuta ne. Wufa mai ɗaukar wat 500 da ake ba wat 20 hutawa kawai take yi.

Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Gaskiya ne an fi ganin ƙonanniyar wufa a motar mai ƙaramin amfi (haka zan riƙa kiran amfilifaya daga nan). Mai motar ya kunna, bai ji dukan da yake so a ƙirjinsa ba, sai ya kai hannu kan maɓallin da aka rubuta wa GAIN ya murɗe shi, ya ƙara da BASS BOOST. Daga nan amfi ya shiga abin da ake kira kilifin, kuma a nan ɓarnar take farawa.

Abin da ya kamata ka sani kafin ka taɓa komai

Abu biyu ke kashe wufa: zafi, da motsin da ya wuce iyaka.

A cikin wufa akwai kwayil, siririyar waya da aka naɗe aka liƙe da gam, tana kai-komo a cikin ramin maganaɗisu. Cikin wutar da ke shigarta, abin da ke zama sauti da ƙyar yake kai kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari. Sauran duk zafi ne. Idan zafin ya fi abin da kwayil ke iya zubarwa, gam ya narke, fentin jikin waya ya ƙone, shi ke nan.

Sauti mai tsabta, idan aka zana shi, igiya ce mai hawa da sauka kamar tudu da kwari. Amfi yana da rufin da ba zai iya wucewa ba. Idan ka nemi ya haura rufin, sai ya aske kan tudun ya bar shi a shafe, shi ne kilifin. Tsayin igiyar bai ƙaru ba, amma ta fi daɗewa a ƙololuwa, don haka wutar da ke ratsa kwayil ta ƙaru. Idan askin ya kai maƙura har igiya ta zama mai kusurwa huɗu, a lissafi wutar ta ninka ta igiya mai tsabta sau biyu. Amfin wat 300 yana iya tunkarar 600 ke nan, gwargwadon abin da cikinsa da batir suka iya bayarwa. Wufar wat 400 da kake ganin ta fi ƙarfinsa, ashe ta shiga hannu.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni. Waƙa tana da duka tana da hutu, kuma a wannan hutun kwayil ke shan iska. Idan aka murɗe geyin (wato maɓallin GAIN), wuraren da ya kamata su yi sanyi su ma sai su taso su kai rufi, hutun ya ɓace.

Daga nan za ka gane cewa amfin wat 100, ko da kilifin ya yi masa katutu, ba zai ƙona wufar wat 1000 ta gaskiya ba. Sautin zai yi muni, amfin zai yi zafi, wufar tana nan daram. Masu cewa kilifin yana mayar da sauti wutar batir tsagwaronta, ko yana tsayar da faifan wufa cak, sun ƙara gishiri. Wutar da ta yi yawa ce ke ƙonawa, ko mai tsabta ce ko mai datti.

Kayan aiki

- Multimita mai auna AC da DC da om
- Ƙaramin sukundireba mai faɗin baki, don murɗa maɓallan amfi
- Sautin gwaji na 50 Hz a matakin 0 dB (wato wanda aka ɗauka da cikakken ƙarfi), a filash ko a waya
- Kalkuleta (ta waya ta isa)
- Takardar bayanin amfi da ta wufa
- Salatif na wuta, da alƙalamin maka ko ɗan fenti don sa alama
- In da hali, osiloskof (na'urar da ke zana igiyar sauti a allo), ko na'urar gano gurɓatar sauti irin SMD DD-1

Na zaɓi 50 Hz ne don ko mita mai araha tana karanta shi daidai, tun da an yi ta ne don wutar gida mai 50 ko 60 Hz.

1. Fara duba lafiyar wufar

Cire wayoyinta daga amfi. Sa mita a om, ka taɓa bakunan biyu. Kwayil mai om 4 yakan nuna tsakanin 3.2 da 3.6, kullum ƙasa kaɗan da abin da aka rubuta, kada wannan ya tsorata ka. Idan mita ta nuna OL, waya ta tsinke. Idan ta nuna kusan sifili, ta haɗe.

Sannan ka buɗe yatsunka a kewayen tsakiyar faifan, ka danna a hankali daidai wa daida. Ya kamata ya shiga ya fito shiru. Idan ka ji ƙarar gogayya kamar ana jan yashi a kan ƙarfe, kwayil ya riga ya kumbura ko ya warware. Kai hancinka bakin ramin akwati. Warin ƙonannen kwayil ba ya ɓuya, wanda ya taɓa jin sa sau ɗaya ba ya mantawa.

Wufar farko da na kashe mai inci 12 ce, an rubuta mata wat 400, amfina kuwa 300, ina ta murna wai na bar mata sarari. Mako biyu ta yi. Da na yanke faifan da reza na zaro kwayil, wayar da ya kamata ta kasance ja tana sheƙi ta koma baƙa ƙirin, rabinta ta warware tana lilo kamar zaren da ya kufce daga ƙwarƙwaro, gam ɗin ya zama gawayi yana zuba a tafin hannuna. Na ɗora wa mai sayarwa laifi, na ce jabu ya ba ni. Sai daga baya na duba amfin na ga geyin a ƙarshe, BASS BOOST a 12.

2. Nemo lambobin gaskiya

Lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a kwali, mai PEAK ko MAX ko PMPO, ta talla ce, ka manta da ita. Wadda kake nema ita ce RMS, wato ƙarfin da ake iya jurewa ba tsayawa, ta wufa da ta amfi. Ga amfi kuma ka duba a om nawa aka ba da lambar, domin amfi ɗaya yana iya ba da 300 a om 4, ya ba da 500 a om 2. Idan ka ga tambarin CEA-2006 ko CTA-2006, an auna shi ne a bolt 14.4 da gurɓatar da ba ta wuce kashi 1 cikin ɗari ba, irin wannan lambar ana iya dogaro da ita.

Idan takarda ta ɓace, ko kana zargin lambar, duba fis ɗin da ke jikin amfi. Haɗa jimillarsu, ka ninka da 14.4, sannan ka ɗauki kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari idan amfin ajin D ne, ko 50 zuwa 60 idan ajin AB ne. Fis mai amfiya 30 ya ba da 432, a ajin D wajen wat 340 ke nan. Ƙiyasi ne, amma ya isa ya tona asirin amfin da aka rubuta wa 3000W alhali fis ɗinsa guda ɗaya ne mai 30.

3. Tabbatar da om ɗin da amfi zai gani

Wufa mai kwayil biyu tana da hanyar haɗi biyu. Idan kowane kwayil om 4 ne, haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, ka samu om 2. Idan ka jera su, baƙin na farko ya shiga jan na biyu, ka samu om 8. Mai kwayil biyu na om 2 tana ba da 1 ko 4. Bayan ka haɗa, auna da mita a ƙarshen wayar da za ta shiga amfi.

Kada ka sauka ƙasa da abin da amfi ya yarda da shi. Amfin da aka ce iyakarsa om 2, ka ba shi 1, zai yi zafi, ya riƙa ɗaukewa, wata rana ya tafi gaba ɗaya. Kuma kada ka bar kwayil ɗaya a sake, ƙarfin ɗaukar wufar zai ragu sosai.

4. Gyara wutar da ke zuwa wa amfi

Mutane da yawa suna tsallake wannan, alhali rufin amfi daga wutar mota yake samuwa. Idan wuta ta faɗi, rufin ya sauko, kilifin ya zo da wuri ko da geyin yana daidai.

Tayar da mota a fili, ba a rufaffen gareji ba, saboda hayaƙi. Sa mita a DC, ka auna a bakin amfi tsakanin +12V da GND (inda wayar da ake ɗaurawa a jikin mota ke shiga). Ya kamata ka ga 13.8 zuwa 14.4. Auna kan batir ma. Idan bambancin ya yi yawa, musamman lokacin da bes ke duka, waya ce ko haɗi. A yawancin amfi, saukowa daga 14.4 zuwa 12 tana cinye kusan kashi 30 cikin ɗari na ƙarfi, amfin 500 ya koma wajen 350.

Abin da na fi samu shi ne wayar GND da aka ɗaura a kan fenti, ko a kan noti mai tsatsa. Kankare wurin har ƙarfe ya fito fes, wayar ta zama gajeriya, kaurinta ɗaya da mai kawo wuta. Ga amfin wat 500 zuwa 1000 ana sa lamba 4, sama da haka lamba 0, wadda ta fi kauri. Ka kula da wayar da aka rubuta wa CCA: alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe, ba ta ɗaukar wuta kamar OFC (jan ƙarfe zalla) mai kauri ɗaya da ita, in ita kaɗai ka samu, sai ka ƙara kauri. Fis ɗin babbar waya kada ya yi nisa da batir fiye da santimita 45. Kafin ka taɓa kowace daga wayoyin nan, cire kan batir na negatif.

Idan fitilun gaba suna lumshewa duk lokacin da bes ya buga, alteneta ce ke gaya maka an fi ƙarfinta.

5. Mayar da komai sifili

A rediyo: BASS, TREBLE da EQ duk a tsakiya, LOUDNESS a kashe. Idan akwai matakin sabwufa a rediyon, kai shi inda ba za ka taɓa wucewa ba. A amfi: geyin a ƙasa gaba ɗaya, BASS BOOST a sifili, LPF (matatar da ke barin bes kaɗai ya wuce) a buɗe zuwa lamba mafi girma, SUBSONIC (matatar da ke yanke bes mafi zurfi) a mafi ƙanƙanta, don kada su rage sautin gwaji su ruɗe ka.

Ɗan maɓallin nan da ake ja da waya zuwa gaban direba iri biyu ne. Idan rage ƙarfi yake yi, buɗe shi duka kafin ka saita, yadda ko an murɗe shi gobe ba zai wuce iyaka ba. Idan ƙara bes yake yi, bar shi a sifili.

Wayoyin wufa su kasance a cire, ka naɗe bakinsu da salatif. Sauran lasifikoki ma ka cire su ko ka zare RCA ɗinsu (wayoyin da ke kai sauti daga rediyo zuwa amfi), sautin 50 Hz da ƙarfi yana iya yaga ƙananan na ƙofa.

6. Nemo iyakar rediyo

Rediyo ma yana kilifin, kuma idan ya aiko da datti, amfi ƙara masa girma kawai zai yi. Da osiloskof, sa shi a RCA, kunna sautin gwaji, ka riƙa ƙara murya har kan igiya ya fara shafewa, sai ka koma baya taki ɗaya. In babu, tsaya a kashi uku cikin huɗu: rediyo mai ƙarewa a 40, ka tsaya a 30. Wannan lambar ta zama iyakarka daga yau.

Yi gwajin ta hanyar da kake jin waƙa kullum. Filash da Bluetooth ba lallai ƙarfinsu ya zo ɗaya ba. In ta waya ce, kai muryar wayar inda ka saba kai ta, ka kashe duk wani ƙarin bes da ke cikin manhajar.

7. Yi lissafin bolt

Dubi RMS na amfi a om ɗinka, dubi RMS na wufa, ɗauki ƙarami a cikinsu. Ninka shi da om, sannan ka danna alamar √ a kalkuleta.

Misali, amfi yana ba da 500 a om 2, wufa tana ɗaukar 400. Ƙarami shi ne 400. Sau 2 ya zama 800, √800 kuma 28.3. Bolt 28.3 kake nema. Da wat 300 ne a om 4, da 34.6 za ka samu. Wat 1000 a om 1 kuma 31.6.

Wannan ne ya sa babban amfi ba abin tsoro ba ne a hannun mai lissafi. Amfin 800 a kan wufar 500, idan ka tsayar da shi a bolt ɗin 500, yana aiki cikin natsuwa bai ko kusanci rufinsa ba. Na fi son haka sau goma a kan ƙaramin amfin da ake wa bulala. Amma a hannun wanda ba ya jin magana, babban amfi ya fi saurin kashe wufa, kuma da wuta mai tsabta zai kashe ta.

8. Murɗa geyin

Mota tana aiki, rediyo a iyakar da ka samo, sautin gwaji yana maimaita kansa. Sa mita a AC, ka taɓa bakunan amfi inda wayoyin wufa ke shiga. Kada tsinken mita ya haɗa bakunan biyu. Murɗa geyin a hankali, lamba tana hawa, har ta kai abin da ka lissafa. Ni nakan tsaya ƙasa da ita da bolt ɗaya, domin amfin da babu kaya a kansa yana ba da bolt cikin sauƙi, da an ɗora masa wufa sai ya ɗan durƙusa.

Kada ka damu da inda maɓallin ya tsaya. Geyin aikinsa daidaita amfi da ƙarfin da rediyo ke turowa ne. Rediyo mai fitar da bolt 4 ko 5 zai sa ka tsaya tun maɓallin bai yi nisa ba, mai bolt 2 zai kai ka gaba. Wanda ya ce maka "rabi" ko "kwata uku" ba tare da ya auna ba, caca yake yi da kayanka.

Babban gargaɗi: mita ba ta ganin kilifin. Idan amfin ya yi ƙarya a lambarsa, za ka iya tura shi ya nuna bolt ɗin da kake so alhali igiya ta riga ta shafe. Alamarsa ita ce lamba tana hawa da sauri, sai ta fara jan ƙafa ko da kana ci gaba da murɗawa. Da ka ga haka ka wuce rufi, koma baya sosai. Da osiloskof ko DD-1 babu wannan zullumin, ɗaya zai nuna maka askin da ido, ɗayan zai kunna fitila idan gurɓata ta kai kashi 1 cikin ɗari.

Wasu suna saitawa da sautin −5 dB don bes ya fi tashi, tun da ba kowace waƙa ke kaiwa maƙura ba. Yana aiki, amma ka sani ka buɗe wa amfi ƙofar neman wuta fiye da ninki uku a kan waƙar da aka ɗauka da ƙarfi. Ga mai koyo, 0 dB.

Idan babu mita ko kaɗan, mayar da wufa, sa waƙar da ka sani sarai mai bes mai nauyi, buɗe but ka tsaya kusa. Ƙara geyin har dukan ya daina ƙaruwa ya fara kauri da ɓarɓarniya, sai ka koma baya fiye da yadda ranka ke so. Kunne yana makara wajen kama kilifin a bes, balle daga kujerar direba, don haka wannan hanyar ta wucin gadi ce.

Ka gama, ɗiga fenti a kan maɓallin da jikin amfi, ka san idan wani ya taɓa.

9. Saita matatun sauti

Kashe komai, mayar da wayoyin wufa. LPF ka fara da 80 Hz, ka gyara da kunne.

SUBSONIC shi ne mai tsare wufa daga kisa na biyu, wato motsin da ya wuce iyaka. Akwati mai rami yana riƙe faifan ne zuwa lambar Hz ɗin da aka yi shi dominta. Ƙasa da nan iska ta sake shi, sai ya riƙa fita da shiga kamar zai tsinke, sauti kuwa babu. Ko da wutar ba ta kai RMS ba, kwayil na iya dukan ƙasan maganaɗisu, ko zanen rawayan nan mai riƙe shi ya yage. Idan akwatinka na 35 Hz ne, sa SUBSONIC wajen 28. Rufaffen akwati bai cika buƙatarsa ba, iskar ciki tana tare faifan. Idan ka ji "ƙwas, ƙwas" kamar ana buga ƙarfe da ƙarfe, rage murya nan take, kada ka jira waƙa ta ƙare.

BASS BOOST kuwa ka bar shi inda yake. Kowane 3 dB ninka wuta ne sau biyu. 6 dB sau huɗu, 12 dB kusan sau goma sha shida. Amfin da ka saita daidai rufinsa ba shi da inda zai samo wannan. In dole sai ka sa, to da shi a kunne za ka sake mataki na 8, da sautin gwaji daidai lambar Hz ɗin da yake ƙarawa, galibi wajen 45 Hz.

10. Gwada, ka kuma saurari wufar

Sa waƙa a iyakarka na minti goma, sannan ka ɗora bayan hannu a tsakiyar faifan. Ɗumi ba komai, zafin da zai sa ka janye hannu alama ce. Sabuwar wufa takan ɗan yi warin gam a kwanakin farko, amma wari mai ɗaci mai shiga maƙogwaro na ƙuna ne.

Akwai tarkon da ke kama mutane a doguwar tafiya. Kwayil idan ya yi zafi, turjiyarsa tana ƙaruwa, sai bes ya ragu da kansa. Kunne ma ya gaji. Direba ya ji kamar sauti ya yi sanyi, ya ƙara murya, zafi ya ƙaru, bes ya sake raguwa, ya sake ƙarawa. Idan ka ji bes ya ja baya bayan rabin awa ana duka, ragewa za ka yi na 'yan mintuna, zai dawo.

In kuma bayan duk wannan dukan bai ishe ka ba, kada ka koma kan geyin. Ninka wat sau biyu 3 dB kawai yake ƙarawa, kuma sai an yi wajen 10 dB, wato wuta ninki goma, kafin kunne ya ce sauti ya ninka. Fara da akwati: auna cikinsa ka gwada da girman da kamfanin wufar ya ba da, toshe duk inda iska ke zurarewa, juya fuskarsa ta kalli bayan mota ka ji bambanci, sannan ka gwada maɓallin PHASE tsakanin 0 da 180 kana zaune a kujerar direba, ka bar shi inda bes ya fi cika.